Yadda Ake Zuwa Kallon Tsuntsaye a Dausayin Haɗeja da Nguru

Tsakanin Haɗeja a Jihar Jigawa da Gashuwa a Jihar Yobe akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama da kogin Haɗeja da na Jama'are ke malalewa a cikinta kowace damina. Ƙasar wurin ba ta da gangara, ga tsofaffin tuddan yashi sun gitta ta, shi ya sa ruwan yakan rarrabu ya zama tafkuna da ƙoramu da kududdufai kafin ya sake haɗuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Tsuntsun da ya taso daga Turai ko Rasha yana gudun sanyi, ya keto Sahara da yunwa da ƙishi, wannan fadamar tana cikin wuraren farko da zai tarar da ruwa da abinci. An rubuta nau'in tsuntsaye sama da 300 a yankin, kuma a shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Nijeriya.

Sai dai wurin ba gidan zu ba ne. Babu keji, babu allon da zai ce maka ga dinya nan. Ruwa ne ke yanke inda tsuntsaye za su sauka, kuma mutanen da ke rayuwa a kan ruwan ne suka san inda ya kwana. Duk shirinka a kan waɗannan biyun zai tsaya.

Da farko, zaɓi lokaci

Nan ne akasari ake tafka kuskure. Mutum yakan ɗauka cewa tun da wurin ruwa ne, ai damina ce lokacin zuwa. A Agusta da Satumba ruwa ya shafe ko'ina, hanyoyin ƙauyuka sun yanke, tsuntsaye sun watsu cikin ciyawa mai tsawo, baƙin Turai kuwa yawancinsu ba su iso ba. Za ka sha wahalar hanya ka dawo da labarin balbela kawai.

Baƙin sukan fara sauka sosai daga Oktoba, su juya gida a Maris zuwa Afrilu. Lokacin da ya fi shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin ruwa ya fara janyewa, tafkuna sun tsuke, tsuntsayen da suka watsu sun taru wuri guda, hanya ta bushe, zafi bai kama ba. A tsakiyar Janairu ne ma masana ke ƙidayar tsuntsayen ruwa ta shekara-shekara a ƙasashe da dama. Abin da ke ɓata wannan lokacin shi ne hazon hunturu. Ran da ƙura ta sauko sosai, ba za ka iya rarrabe agwagwa da kututture daga nesa ba. Saboda haka kada ka ware kwana ɗaya tak. Ka ba tafiyar kwana biyu ko uku a wurin, don in safiya ɗaya ta ɓaci wata ta gyaru.

Kuma kada ka dogara da kalanda kaɗai. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar fadamar ba ta bin damina kawai, tana bin yadda aka saki ruwa daga sama. Tafkin da ya cika bara yana iya zama busasshen fili bana. Kafin ka biya kuɗin mota, nemi wani da ke can ka tambaye shi a waya: ina ruwa yake yanzu, ina kuma tsuntsaye suke kwana?

Wane wuri za ka nufa?

Dausayin yana da faɗi, ba a gama shi a tafiya ɗaya. Wurare uku ne suka fi dacewa da mai zuwan farko.

Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, ita ce ta yi suna. Tafki ne da aka keɓe don tsuntsayen ruwa, yana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi. Nan ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya ziyarta a 1989, lokacin yana shugabantar ƙungiyar kare namun daji ta WWF. Ita ma ta shiga jerin Ramsar a 2008. Tun da wuri ne mai tsaro, sai da izini ake shiga, kuma malamin daji ne zai raka ka.

Baturiya tana Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma ta Jigawa, ta fi kusa ga mai zuwa daga Kano. Tana da kurmin bagaruwa da goruba a bakin ruwa, don haka za ka haɗa tsuntsayen ruwa da na itace a fita ɗaya. Tana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun dajin ƙasa.

Tafkin Nguru kuwa shi ne mafi sauƙi. Yana gefen gari, akwai masauki, akwai masu kwalekwale. Ni da za a tambaye ni, wanda bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba ya fara da Nguru, ya saba da ido da hannu, sannan washegari ya wuce Dagona.

Daga Kano ana bin Haɗeja, a wuce ta Birniwa zuwa Nguru, daga nan Gashuwa. Mai zuwa daga gabas zai biyo ta Damaturu da Bayamari, ko ta Potiskum da Jakusko. Yi tafiyarka da rana, ka tambayi direbobin tasha halin hanya da na tsaro a makon da za ka tashi, ka riƙe katin shaida saboda shingayen bincike. Daga kwalta zuwa bakin ruwa yashi ne da burji. Ƙaramar mota takan kafe, babur ya fi ta amfani.

Izini da ɗan rakiya

In Dagona ko Baturiya ka nufa, fara da ofishin ma'aikatan gandun daji. Ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rasit, ka kuma tambaya ko akwai wani kuɗi na daban a kan kyamara.

Bayan takardar gwamnati akwai gaisuwar gari, kuma ba a tsallake ta. Ƙauyukan nan na Badawa ne da Mangawa da Hausawa da Fulani, kowanne da bulamansa ko mai unguwarsa, ruwan kuma da sarkinsa. Baƙo da ya sauka da asuba yana leƙen gonakin mutane da wani abu mai kama da na'urar awo, dole a yi masa wani zato: ko mai auna fili ne, ko ɗan leƙen asiri. Ka je da yamma kafin ranar fitarka, da ɗan goronka, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo kallon tsuntsaye ne, ba harbi ba, ba kamu ba. Muna neman izini da wanda zai nuna mana hanya." Da wuya a hana ka. Sau da yawa ma a nan za a kira maka masuncin da ya fi kowa sanin ruwan.

Wannan masuncin shi ne rabin tafiyarka. Bai san sunan tsuntsu na littafi ba, amma ya san wace ƙorama kirinjijiya ke sauka da hantsi, wane tsibiri dinya ke kwana, ina laka ke haɗiye ƙafa. Ku yi ciniki tun da dare, ku gama magana a kan awa nawa da nawa za ka biya, kuma ka bayyana masa abu guda tun wuri: ba ka son a kori tsuntsaye su tashi. Dalili kuwa, mai kwalekwale mai son faranta wa baƙo yakan buga sanda a gefen jirgi don garken ya tashi sama, yana ganin ya yi maka gwaninta. Ka ce masa, "Baba, a zaune nake son ganinsu. In sun tashi, mun yi asara."

Kayan da za ka ɗauka

Madubin hangen nesa shi ne kan gaba. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: lambar farko na nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 10x42 ma ya yi, amma ya fi rawa a hannu, musamman cikin kwalekwale. Ka guji irin na gefen titi masu manyan lambobi. Ciwon kai kawai suke sawa. In ba ka da shi, ara. Ka saita shi tun a gida: rufe idon dama, juya dabaran tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas a idon hagu, sannan ka rufe hagu ka juya ƙaramin zoben da ke bakin gilashin dama. Da ka yi haka sau ɗaya, dabaran tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Tufafi masu launin ƙasa ko toka-toka ko kore mai duhu. Farar shadda mai ƙyalli a bar ta a gida, tsuntsu na hango ta tun daga nesa. Rigar sanyi dole ce, don sanyin asubar Janairu a bakin ruwa yana shiga ƙashi. Malafa, takalmi rufaffe, ruwan sha mai yawa, ɗan abin taɓawa kamar dabino ko ƙuli-ƙuli, man shafawa na korar sauro, gidan sauro na kwana. Ƙaramin littafin rubutu da fensir. Leda ko jaka mai zif don kare madubi da waya daga ƙura da ruwa. A waya kuma ka sauke manhajar Merlin, mai taimakawa wajen gane tsuntsaye, da kundin tsuntsayen yankinmu tun kana gari, saboda sabis a cikin fadama sai an dace.

Safiyar fita

Da sanyin safiya ake kama fara. A Janairu rana na fitowa wajen ƙarfe bakwai saura kwata, don haka da an sallame asuba ka kama hanya, ka kasance a bakin ruwa gari na wayewa. Awa biyu zuwa uku na farko su ne na kallo. Da hantsi ya ɗaga, tsuntsaye sukan lafa, iska ta fara tayar da ƙura, zafi ya sa nesa ta riƙa rawa a cikin madubi.

Ka sa rana a bayanka. Da safe ka tsaya a gabashin tafki kana kallon yamma, da la'asar ka juya. Wanda ya fuskanci rana baƙaƙen inuwoyi kawai zai gani, kowane tsuntsu ya zama iri ɗaya.

Kada ka miƙe kai tsaye zuwa ga garke. Ka bi a kaikaice, a hankali, kana fakewa da kututturen goruba ko tudun gona, kada ka tsaya ƙiƙam a saman tudu inda siffarka za ta fito a sarari. Ka lura da wuyansu. Muddin kawunansu na ƙasa suna kiwo, kana iya ƙara taku. Da ka ga wuyoyi sun miƙe, kiwo ya tsaya, to ka kai iyaka. Zauna a nan. Akwai kuma ɗan tsegumi, zakaran ƙeƙuwa, mai baƙar hula da farin kunci. Shi ne zai fara ganinka, ya ɗaga murya ya tona maka asiri ga duk fadamar. Ba ka da maganinsa sai zama shiru har ya gaji.

Zaman nan shi ne aikin. Ka sami gindin itace ko gefen kunya ka zauna minti ashirin ko talatin ba motsi, waya a kashe mata ƙara. Wurin da ka ɗauka fanko ne zai fara cika: wani abu ya motsa a cikin ciyawa, wani ya sauka a kan turke, waɗanda suka ja baya su dawo. Idan ka hango tsuntsu, kada ka sauke ido ka nemi madubi. Ka kafe shi da ido, ka ɗago madubin zuwa fuskarka. Masu koyo sukan ɓata rabin safiya suna lalube cikin ciyawa saboda rashin wannan.

Yadda za ka gane abin da ka gani

Kada ka fara da launi, hazo da rana suna canza shi. Fara da girma: ya kai kurciya, ko zabuwa, ko dinya? Sannan baki: dogo ne, gajere, miƙaƙƙe, ko lanƙwasasshe? Sai ƙafa, sai abin da yake yi. Rubuta waɗannan kafin ka buɗe manhaja, don tsuntsu ba zai jira ka gama bincike ba.

Na gida su ne za ka fara sani. Kirinjijiya tana tsayawa garke-garke a bakin ruwa, wuya a miƙe, fuska fara, ƙirji ja-ja, kuma kafin ka gan ta za ka ji fito mai gaɓa uku in sun tashi. Dinya ba ta ɓoyuwa: ƙatuwa, baƙa da farin ciki, jan baki, da ƙaho a gwiwar fiffike. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa ba motsi. Kwasakwasa, in ka dace da su, suna iyo a jere suna tsoma manyan bakunansu tare. A cikin ganyen bado ka duba da kyau, akwai wani ja-ja mai farin wuya da shuɗin goshi da ke tafiya a kan ganyen ba ya nutsewa; ka sa madubi a ƙafarsa, za ka ga yatsu dogaye ƙwarai da ke rarraba nauyinsa. A irinsu namiji ne ke kwanci, shi ke renon 'ya'ya.

Wanda ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne wani baƙin zalɓe matsakaici mai rawayan yatsu. Zai yi 'yan taku cikin ruwa marar zurfi, sai farat ɗaya ya jefo fukafukansa gaba su haɗu a saman kansa, ya zama kamar an kife baƙar lema a kan ruwa. Ya tsaya haka 'yan daƙiƙu, kai a ciki, yana caccakar ƙananan kifin da ke ƙarƙashin inuwar, sannan ya naɗe, ya ƙara gaba, ya sake. In ka same shi, bar sauran su jira.

Baƙin Turai sun fi wuyar ganewa, domin yawancinsu suna zuwa mana ne cikin tufafin hutu, toka-toka da ƙasa-ƙasa. Ƙaramar agwagwar da za ka gani dubbai, wadda sunanta a manhaja Garganey, sai wajen Fabrairu namijinta ke fito da farin layi mai kauri daga saman ido zuwa ƙeya. Pintail ta fi ta girma, siririn wuya gare ta, namijin yana da dogon tsinin wutsiya da farin layi da ya hau gefen wuyansa. A gonakin shinkafa da aka girbe kuwa za ka ga garken wasu masu dogayen ƙafafu da ƙaramin kai suna tsintar hatsin da ya zube, kusan ba sa kuka, mazan sun fi matan girma a fili. Su ne Ruff, kuma wasunsu tun daga Saiberiya suke tahowa. Ka duba tsakanin ƙafafun shanun Fulani ma, akwai ƙananan tsuntsaye masu rawayan ciki suna kaɗa wutsiya suna kama ƙwarin da shanu suka tayar; su ma baƙi ne.

Biyu kada ka sa rai da su. Shamuwa baƙuwar damina ce, a hunturu tana kudancin Afirka. Gauraka kuwa ta yi ƙaranci ƙwarai a Arewa, kuma kamun da ake yi mata don ƙawata gidajen masu hali yana cikin dalilan. Don haka in yaro ya biyo ka da tsuntsu a ɗaure yana tallarsa, kada ka saya, ko da niyyar sakinsa. Kuɗinka ne zai tura shi ya kamo wani gobe.

In kana son ƙirga garke, ƙirga goma na gefe ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe faɗin da suka ci a ido, sannan ka riƙa aza wannan faɗin a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Babban garke a yi shi ɗari-ɗari.

Cikin kwalekwale

Akwai wuraren da ƙafa ba ta kaiwa, musamman inda kacala ta rufe bakin ruwa. Wannan ciyawar ta addabi yankin: ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, kuma cikinta ƙananan tsuntsayen nan da ake kira jan baki ke kwana su fito su far wa gero da shinkafa. In ka ji manomi na zagin tsuntsaye, kada ka yi masa wa'azi. Jan baki yake nufi, kuma yana da hujja.

Jirgin sanda ya fi na inji, ba ya ƙara. Ka zauna a tsakiya, ƙasa-ƙasa, kada ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto, kada a yi lodi fiye da kima. Ka zo da rigar kariya daga nutsewa in kana da hali, don ba lalle ka samu a can ba. Ku kauce wa koma da mali da dumbar masunta. Abincin gidan wani ne. Mutane kuma, musamman mata masu wanki ko ɗiban ruwa, ba a ɗaukarsu hoto sai da yardarsu.

Lafiyarka

Ruwan kwance mai ciyawa gidan tsargiya ne. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa, ta huda fata ta shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Kada ka yi wanka ko iyo, kada ka taka ruwa ba takalmin roba mai tsawo. In ya zama dole ka jiƙe, goge jiki ka bushe nan take, kuma in bayan makonni ka ga zazzaɓi ko jini a fitsari, ka gaya wa likita inda ka je. Kada ka sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara saboda kububuwa da kasa. Mataccen tsuntsu ko marar lafiya kada ka taɓa shi da hannu, murar tsuntsaye gaskiya ce. In ka ga da yawa sun mutu wuri guda, sanar da malaman daji.

Bayan ka dawo masauki

Tun kafin barcin rana ya ɗauke ka, zauna ka gyara rubutunka: kwanan wata, wuri, ƙarfe nawa zuwa nawa, yanayin hazo, abin da ka gani da yawansa. Wanda ba ka tabbatar ba, sa masa alamar tambaya ka bar shi haka. Tambayi ɗan rakiyarka sunan kowanne da Hausa da Badanci ko Manganci ka rubuta a gefe. Kana iya shigar da jerin a manhajar tattara bayanan tsuntsaye ta eBird, ko BirdLasser wadda masu aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya ke amfani da ita a ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos.

Ka kuma tambayi masunta da maharba ko sun taɓa samun zobe a ƙafar tsuntsu. Wasu sukan ajiye shi shekaru, wasu su ji tsoronsa. Ƙaramin zoben ƙarfe ne da masu bincike ke sawa, ɗauke da lamba da sunan gari ko cibiyar ƙasar da aka sa shi. Ba sai ka karɓe shi ba: ɗauki hotonsa ta kowane gefe har rubutun ya fito duka, rubuta inda aka same shi da lokacin gwargwadon tunawar mai shi, ka aika wa APLORI ko cibiyar da sunanta ke jiki. Sukan amsa da bayanin inda aka sa zoben da shekarar, sai ka kira mai shi ka gaya masa.

Da la'asar sakaliya ka sake fita, wannan karon ta yammacin tafkin. Ka bar bakin ruwa kafin magariba, don sauro na fitowa da faɗuwar rana, hanyar yashi kuma ba ta biyuwa cikin duhu.